Angkor Wat: Wurin bautar Hindu da ya zama tambarin Kambodiya

A kowace safiya tun kafin ketowar alfijir, ɗaruruwan baƙi daga sassa daban-daban na duniya kan taru a bakin wani ɗan tafki da ke harabar Angkor Wat, a arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, suna jiran rana ta ɓullo ta bayan wasu hasumiyoyin dutse guda biyar.

Akasarinsu sun ɗauka cewa sun zo kallon kufan wani birni ne da ya ɓace cikin ƙurmi, har sai da Turawa suka gano shi. To amma tarihi bai tabbatar da hakan ba. Tun daga lokacin da aka gina Angkor Wat shekaru kusan 900 da suka wuce, ba a taɓa ƙaurace masa baki ɗaya ba. Abin da ya faru shi ne, addinin da aka gina shi dominsa ne ya gushe daga ƙasar, wani addinin ya gaje wurin, kuma har yanzu ana taƙaddama a kan ko na wane ne abin da aka bari.

Ina ne Angkor?

Kalmar Angkor ta samo asali ne daga harshen Sanskrit na Indiya, kuma ma'anarta birni. Ita kuwa wat a harshen Khmer, wurin ibada take nufi.

Angkor Wat ɗaya ne kawai daga cikin ɗimbin wuraren bauta da ke warwatse a wani yanki mai faɗin murabba'in kilomita 400, kimanin kilomita 6 arewa da garin Siem Reap. Nan ne hedikwatar daular Khmer ta kasance daga ƙarni na 9 zuwa na 15. A lokacin da daular ke ganiyarta, ikonta ya kai ga sassa masu yawa na ƙasashen da a yau ake kira Tailan da Laos da kuma kudancin Biyetnam.

Addinin Hindu ya isa yankin ne ba da yaƙi ba. Fatake da malaman Indiya da ke bin hanyar teku zuwa ƙasar Sin ne suka kai shi tun ƙarnonin farko na Miladiyya, tare da rubutu da harshen Sanskrit. Sarakunan yankin sun karɓe shi hannu bibbiyu, saboda ya ba su hujjar ɗaukaka kansu sama da talakawa da kuma sauran masu neman sarauta.

Masana tarihi kan fara lissafin daular ne daga shekara ta 802, lokacin da Sarki Jayavarman na Biyu ya sa aka yi masa wani bikin naɗi irin na Hindu a kan tsaunin Kulen. Daga nan ne ya zama al'ada duk sarkin da ya ji ƙarfi ya gina nasa wurin bautar mai siffar tsauni, galibi da sunan Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu.

Sarkin da ya gina shi

Suryavarman na Biyu ya hau mulki ne a 1113, bayan ya kawar da wani kakansa da ke kan gadon sarauta. Ya saɓa wa magabatansa ta hanyar keɓe babban wurin bautarsa ga Vishnu a maimakon Shiva. An shafe sama da shekaru 30 ana aikin, kuma alamu sun nuna cewa ba a kammala wasu sassa ba har sarkin ya rasu a wajajen 1150.

Girman ginin ne ke fara ɗaure wa baƙo kai. An kewaye shi da wani makeken rami cike da ruwa, mai faɗin mita 190, wanda tsawonsa ya kai kilomita 1.5 daga gabas zuwa yamma, da kilomita 1.3 daga kudu zuwa arewa. Hasumiyar tsakiya kuwa ta tashi mita 65 daga ƙasa. Wannan ne ya sa ake yi masa kallon ginin addini mafi girma a duniya.

Da marmara aka yi tushe da cikin bango, sannan aka lulluɓe da wani dutse mai sauƙin sassaƙa da aka haƙo daga gindin tsaunin Kulen, mai nisan kilomita kusan 40. Binciken wasu masana daga Japan ya nuna cewa ta magudanan ruwa da aka haƙa aka riƙa jigilar duwatsun. Magina ba su yi amfani da wani abin haɗi a tsakanin duwatsun ba. Gogar su aka riƙa yi har sai sun zauna daram a kan juna.

Babu wani abu a tsarin ginin da aka yi shi kara zube. A aƙidar Hindu, akwai wani tsauni mai suna Meru a tsakiyar duniya, inda ababen bauta ke zaune. Hasumiyoyin biyar, masu siffar tohon furen bado, su ne ƙololuwar wannan tsauni. Katangar waje ita ce duwatsun ƙarshen duniya, ruwan da ya kewaye ta kuma shi ne teku.

Wani abin da ya bambanta Angkor Wat da mafi yawan gine-ginen yankin shi ne yamma yake kallo, ba gabas ba. Wasu masana na ganin dalili shi ne ana danganta Vishnu da yamma. Wasu kuwa sun ce yamma mafaɗar rana ce, alamar mutuwa, don haka sarkin ya gina wurin ne domin ya zame masa makwanci. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da cewa, labaran da aka sassaƙa a bango ana bin su ne ta hannun hagu, kamar yadda ake yi a al'adun jana'iza na Hindu.

Abin da ke jikin bango

Yawancin baƙi kan ɗauki hoton fitowar rana, su hau bene, su yi gaba. Hakan asara ce, domin ainihin dukiyar Angkor Wat na cikin dogayen barandodin da ke hawa na farko ne, inda aka sassaƙa labarai a jikin bango na tsawon ɗaruruwan mitoci.

A ɓangaren yamma akwai yaƙe-yaƙen da ke cikin manyan littattafan Hindu biyu, wato Ramayana da Mahabharata. A ɓangaren kudu ga Suryavarman da kansa zaune a kan karaga, an ɗaga masa laima da dama, daga nan kuma sai jerin gwanon dakarunsa da giwaye. Kusa da nan an zana gidajen ni'ima 37 da gidajen azaba 32 kamar yadda aƙidar ta tanada, kuma masassaƙan ba su rage komai ba wajen nuna irin uƙubar da ake yi wa masu laifi.

Wanda ya fi shahara shi ne na ɓangaren gabas, mai tsawon mita 49, wanda ke nuna yadda aka kaɗa tekun madara. Labarin ya ce ababen bauta da aljanu ne suka yi yarjejeniyar fito da ruwan dawwama daga cikin teku. Sai suka mai da wani tsauni maburgi, suka naɗa masa wani ƙaton maciji a matsayin igiya. Aljanu 92 na riƙe da wajen kan macijin, ababen bauta 88 na riƙe da wajen wutsiya, kowane ɓangare na ja. Vishnu na tsakiya yana jagorantar aikin, a ƙasa kuma ga shi cikin siffar kunkuru yana tallafe da tsaunin don kada ya nutse. A can ƙasa ana iya ganin kifaye da kadoji da maburgin ya daddatse.

Baya ga waɗannan, akwai siffofin mata kusan 1,800 a lunguna da saƙo-saƙo na ginin, waɗanda ake kira apsara ko devata. Kitso da kayan ado da ɗaurin zanensu sun sha bamban, abin da ya sa masana ke amfani da su wajen fahimtar irin suturar matan fada a ƙarni na 12.

Yadda addinin Buddha ya gaje wurin

Ba a jima ba bayan rasuwar Suryavarman daular ta shiga rudani. Bisa abin da akasarin littattafan tarihi suka kawo, a 1177 ne mayaƙan Cham, daga wata daular da ke gaɓar tekun Biyetnam ta yau, suka afka wa Angkor. Wanda ya kore su shi ne Jayavarman na Bakwai, da ya zama sarki a 1181, kuma mabiyin addinin Buddha ne.

Babu sarkin Khmer da ya kai shi gine-gine. Shi ya gina sabon birni mai ganuwa, Angkor Thom, wanda kowane gefensa ya kai kilomita 3, da wurin bautar Bayon mai manyan fuskokin dutse kimanin 200, da kuma Ta Prohm da ya keɓe domin tunawa da mahaifiyarsa a 1186. Wani rubutu a jikin dutse ya ce ya kafa asibitoci 102 a faɗin daular.

Sauyin bai zo cikin ruwan sanyi ba. A ƙarni na 13 an sami wani lokaci da masu kishin Hindu suka sake rinjaye a fada, aka bi gine-ginen Jayavarman ana kankare siffofin Buddha, wasu kuma aka mai da su na Hindu. Mai lura zai ga guraben da aka kankare a bangon Preah Khan da Ta Prohm har yanzu.

Duk da haka, daga ƙarshe tafarkin Theravada na addinin Buddha ne ya yi galaba, wanda ba ya buƙatar manyan gine-ginen dutse. A lokacin da wani jakadan ƙasar Sin mai suna Zhou Daguan ya zauna a Angkor daga 1296 zuwa 1297, ya tarar da malaman Buddha masu askakken kai da rawayar sutura ko'ina a birnin. Bayanin da ya rubuta shi ne kaɗai cikakken labarin wanda ya ga birnin da idonsa a lokacin da yake raye. Ya ce mata ne ke riƙe da harkar kasuwa, talakawa na zaune a gidajen ciyawa, ana kuma girbin shinkafa sau uku ko huɗu a shekara.

Wannan bayani na da muhimmanci ga mai ziyara. Ababen bauta kaɗai ake gina wa ɗakin dutse. Kowa da kowa, har da sarki, a gidan katako yake zaune, kuma duk sun ruɓe. Saboda haka dajin da baƙo ke ratsawa tsakanin wannan kufai da wancan, a da unguwanni ne. Binciken da aka fara a 2012, inda aka yi amfani da na'urar da ke harba hasken leza daga jirgi mai saukar ungulu, ya fito da sawun tituna da tafkuna da filayen gidaje a ƙarƙashin itatuwa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa mazauna yankin sun kai tsakanin 700,000 zuwa 900,000 a ƙarni na 13.

An saba cewa Angkor ta faɗi ne a 1431, lokacin da dakarun Ayutthaya na ƙasar Siam, wato Tailan ta yau, suka ci birnin. Masana na yanzu na ganin lamarin ya fi haka tsawo. Rayuwar birnin ta dogara ne a kan magudanai da manyan tafkuna, waɗanda mafi girmansu ya kai tsawon kilomita 8 da faɗin kilomita 2. A ƙarni na 14 da na 15 an yi fama da fari mai tsanani, wanda ambaliya ke biyo baya, har tsarin ya lalace. Sannu a hankali masu mulki suka koma kudu, wajajen Phnom Penh, inda cinikin teku ya fi armashi.

Angkor Wat kuwa ya ci gaba da zama wurin ziyara, sai dai a wannan karo ga mabiya Buddha. An toshe ƙofofin ɗakin tsakiya inda gunkin Vishnu yake, aka sassaƙa siffofin Buddha a tsaye a gurbinsu. A ƙofar yamma akwai wani gunki mai hannuwa takwas da masana ke cewa na Vishnu ne, wanda mutanen yankin ke kira Ta Reach, suna kuma kai masa turare da furanni a matsayin mai tsaron wurin.

A yau sama da kashi 90 cikin 100 na al'ummar Kambodiya mabiya Buddha ne. Abin da ya rage na Hindu a fili bai wuce wasu 'yan tsirarun malamai a fadar sarki ba, da ake kira baku, waɗanda ke jagorantar bukukuwa irin su naɗin sarauta da bikin fara noma.

Zuwan Turawa

Ana yawan cewa wani Bafaranshe masanin tsirrai da dabbobi, Henri Mouhot, shi ne ya gano Angkor a 1860. Shi kansa bai yi wannan iƙirari ba. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Fotugal, António da Madalena, ya riga shi zuwa tun a wajajen 1586, sannan akwai rubutun da wani maziyarci ɗan Japan ya bari a jikin ginshiƙi a 1632. Abin da Mouhot ya yi shi ne rubuta labari mai jan hankali tare da zane-zane, wanda aka buga a Turai bayan zazzaɓi ya kashe shi a Laos a 1861.

Labarin birnin da ya ɓace ya yi wa Faransa daɗi, domin ya ba ta damar nuna kanta a matsayin mai ceto tarihin da 'yan ƙasa suka manta. Ta kafa mulkin mallaka a Kambodiya a 1863, a 1907 kuma ta tilasta wa Siam ta mayar da lardin Siem Reap da ta daɗe tana riƙe da shi. Shekara guda bayan nan aka kafa ofishin kula da Angkor.

Faransawa sun yi aiki mai yawa: sun sare daji, sun karanta rubuce-rubucen da ke jikin duwatsu, sun tsara jerin sarakuna. A shekarun 1930 suka koyo wata dabara daga Turawan Holan da ke tsibirin Java, wato a warware gini dutse bayan dutse, a yi masa sabon tushe, sannan a mayar da kowane dutse inda yake. Da wannan ne aka ta da Banteay Srei, wani ƙaramin wurin bautar Shiva na jan dutse da aka keɓe a 967, wanda da dama ke ganin babu kamarsa wajen kyawun sassaƙa.

A wannan wuri ne kuma aka yi satar da ta fi yin suna a zamanin mulkin mallaka. A 1923 wani matashin marubuci, André Malraux, ya yanko wasu siffofin mata daga bangonsa da niyyar sayarwa, aka kama shi a Phnom Penh. An yanke masa hukuncin ɗauri, amma aka jingine bayan ɗaukaka ƙara. A 1959 shi ne ya zama ministan al'adu na Faransa.

Ta Prohm kuwa da gangan aka bar shi kusan yadda aka same shi, saiwoyin wasu manyan itatuwa masu kama da rimi da dangin ɓaure sun kanannaɗe bango. Shi ne hoton da mutane suka gani a fim ɗin Tomb Raider na 2001. Kangon da ake gani kamar an yi watsi da shi, a haƙiƙa kullum ma'aikata na tokare shi, suna kuma rage rassan itatuwan.

Yaƙi da wawashe gumaka

A farkon shekarun 1970 yaƙin basasa ya tilasta dakatar da aikin gyara. Daga 1975 zuwa 1979 ƙungiyar Khmer Rouge ta Pol Pot ta mulki ƙasar, inda aka ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 1.7 ne suka mutu sakamakon kisa da yunwa da aikin tilas. Ma'aikatan Angkor da dama na cikin waɗanda suka halaka.

Babban misalin abin da yaƙin ya jawo shi ne Baphuon, wani wurin bautar Shiva na ƙarni na 11. Kafin yaƙin an warware duwatsunsa kimanin 300,000, aka baje su a daji, kowane da lambarsa. Takardun da ke bayanin lambobin sun ɓace a zamanin Khmer Rouge. Da aka koma aikin a 1995, sai da aka riƙa gwada dutse da dutse ana neman wanda ya dace da wani, kuma ba a kammala ba sai a 2011.

Harsasai ba su yi wa gine-ginen mummunar ɓarna ba idan aka kwatanta da ɓarayi. Daga shekarun 1970 har zuwa ƙarshen 1990, an yi ta sare kawunan gumaka, ana ciro wasu ɗungurungum, ana tsallakawa da su Tailan, daga can kuma zuwa Turai da Amurka. Wannan ne dalilin da ya sa baƙo zai ga gumaka da yawa babu kai, ko kuma an sa musu sabon kai na siminti. A ƙarshen shekarun 1990 an yanke wani sashe guda na bangon Banteay Chhmar, aka loda a manyan motoci, kafin 'yan sandan Tailan su kama duwatsu sama da 100.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan harka shi ne Douglas Latchford, wani dillali ɗan Birtaniya da ke zaune a Bangkok, wanda aka daɗe ana girmamawa a matsayin masanin fasahar Khmer. A 2019 masu gabatar da ƙara a New York suka tuhume shi da safarar kayan sata da ƙirƙiro takardun bogi. Ya mutu a 2020 kafin a gurfanar da shi, daga bisani kuma iyalinsa suka amince su mayar da kayan da ya tara. A watan Disamba na 2023 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya ba da sanarwar mayar wa Kambodiya kayayyaki 14.

Rikicin mallaka

Hoton Angkor Wat ne a tsakiyar tutar Kambodiya, kuma gwamnatocin da suka yi gaba da juna, har da ta Khmer Rouge, duk sun sa siffarsa a tutocinsu. A watan Janairu na 2003, wata jita-jita da ba a tabbatar ba, cewa wata 'yar fim ta Tailan ta ce Angkor na ƙasarta ne, ta sa masu zanga-zanga suka ƙona ofishin jakadancin Tailan a Phnom Penh.

Rikicin ya fi ƙamari a kan Preah Vihear, wani wurin bautar Shiva da ke kan tsauni a iyakar ƙasashen biyu. Kotun Duniya ta ba Kambodiya shi a 1962, ta kuma sake jaddada hukuncin a 2013. An yi ta musayar wuta a yankin daga 2008 zuwa 2011. A watan Yuli na 2025 aka gwabza faɗa na kwanaki biyar a kan iyakar, wanda ya sake ɓarkewa a watan Disamba. An kashe mutane da dama, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, Kambodiya kuma ta ce an lalata sassan Preah Vihear.

A cikin Angkor kanta ma akwai taƙaddama. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1992, tare da ayyana shi a matsayin wanda ke cikin haɗari, matsayin da aka cire a 2004. Sai dai yankin da aka keɓe ya haɗa da ƙauyuka sama da 100, masu mutane fiye da 100,000.

Daga 2022 hukumomi suka fara kwashe iyalai kimanin 10,000 zuwa wasu sabbin matsugunai, musamman Run Ta Ek. Gwamnati ta ce mutanen sun yi gini ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma da son ransu suka tashi, an kuma ba su fili da kwanon rufi da shinkafa da 'yan kuɗi. Ƙungiyar kare haƙƙin bil Adama ta Amnesty International, a wani rahoto na watan Nuwamban 2023, ta ce tilasta musu aka yi ta hanyar barazana, aka raba su da gonakinsu da kuma baƙin da suke sayar wa kaya. UNESCO ta ce ba ita ta nemi a tashe su ba.

Ga mai niyyar zuwa

A 1993 baƙin da suka ziyarci Angkor ba su kai 10,000 ba. A 2018 sun haura miliyan 2.5. Annobar korona ta kusan tsai da harkar cak, kuma a 2024 adadin ya ɗan haura miliyan 1.

Yawan jama'a na da nasa illar. Takun ƙafa na cinye matakalai, shi ya sa aka shimfiɗa katako a wurare da yawa, aka kuma taƙaita yawan masu hawa tsaunin Bakheng don kallon faɗuwar rana zuwa 300 a lokaci guda. Masana sun kuma yi gargaɗi a kan yawan ruwan da otal-otal ke zuƙa daga ƙarƙashin ƙasa, domin gine-ginen a kan yashi suke, wanda ke buƙatar danshi kafin ya riƙe nauyi. Hukumar APSARA mai kula da wurin ta gyara wasu tsofaffin tafkuna da magudanai domin magance hakan. A watan Oktoban 2023 aka rufe tsohon filin jirgin sama da ke kusa, aka buɗe sabo mai nisan kilomita kusan 40.

Kuɗin shiga da aka tsayar a 2017 ga baƙi shi ne dala 37 na kwana ɗaya, dala 62 na kwana uku, da dala 72 na kwana bakwai, kuma ana ware dala 2 daga kowane tikiti ga wani asibitin yara. 'Yan ƙasa kyauta suke shiga. Kwana ɗaya zai ishi mutum ya ga Angkor Wat da Bayon da Ta Prohm a gurguje, amma wanda ke son ganin wuraren Hindu da suka riga su, irin su Pre Rup da Bakong da Banteay Srei, sai ya ware kwana uku. Galibi da tuk-tuk ake zagayawa, wato babur mai jan keken fasinja.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi, kuma lokacin ne aka fi cunkoso. A watan Afrilu zafi kan kusanci digiri 40. Damina kan cika tafkunan, ta kuma rage jama'a. A kusa da 21 ga watan Maris da 23 ga watan Satumba rana kan fito daidai saman hasumiyar tsakiya.

Da yake har yanzu ana ibada a wurin, tun 2016 ba a barin wanda bai rufe kafaɗu da gwiwoyi ba ya shiga, matakin da ya biyo bayan korar wasu baƙi daga ƙasar a 2015 saboda ɗaukar hotunan tsiraici. An hana taɓa sassaƙe-sassaƙe da shan taba, an kuma buƙaci a daina ba yara kuɗi ko alewa, don kada su bar makaranta su koma bara. Ana rufe hawa na sama a ranakun ibadar Buddha. An daina hawan giwa. An share nakiyoyi daga cikin Angkor tun da daɗewa, amma a wuraren da ke nesa, musamman kusa da iyaka, ana gargaɗin kada a kauce daga hanyar da aka shata.

Matafiyi Musulmi zai sami masallaci da gidajen abinci na halal a garin Siem Reap. Akasarin Musulmin Kambodiya 'yan ƙabilar Cham ne, jikokin mutanen daular nan da ta yaƙi Angkor a ƙarni na 12, a lokacin su ma suna bin addinin Hindu. Ana iya ganin kakanninsu a bangon Bayon, cikin jiragen ruwan yaƙi, sanye da huluna masu kama da furen da aka kife.